Kaurin Farcen Baba

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kuna lafiya. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Ina nan ina koya wa ɗaliban zanen gine-gine yadda za su zana abu a kwamfuta, inji ya yanka musu katako daidai da zanen. Injin nan ne da na ce zai sa kafintoci irinku su rataye zarto. Tun ranar ba ku ƙara ɗaga wayata ba, shi ya sa na rubuto.

Baba, gaskiya ba lau ba. Mun yanka guntaye ɗari biyu na wata rumfa da shugabannin makaranta za su duba ran Alhamis ta sama. A kwamfuta komai ya zauna cif, amma a ƙasa sun ƙi shiga juna, wanda muka sa wa guduma kuma ya tsage. Jiya wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba kai ka ce inji ba ya kuskure ba?" Katakon da ya rage sau ɗaya tak zai isa a sake yankawa. Idan rumfar ba ta tsaya ba aikina ya ƙare, takardar izinin zamana a ƙasar nan kuma da aikin take tafiya.

Na tuna kukan zura farce a ramin haɗi, ku ce katako yana numfashi, ni kuwa ina dariya. Don Allah ku yafe mini, ku faɗa mini sararin da kuke bari. In har yanzu ba ku son jin muryata, ku miƙa wa Yaya hannu ta auna mini farcen.

Autanku