Hannunka na Hagu a Allon Silima

Birnin Medan, ranar Lahadi bayan an taso daga coci

Binsar, hasken idona, hazon safiya a kan tafkin Toba, ruwan farko mai wanke tokar dutse mai aman wuta daga ganyen kofi, sanyin da ke sauka kan rufin gidanmu bayan rana ta gama gashi!

Ka gani, na iya. Kai da kake cewa jami'a ta cinye mini zaƙin baki, ga kirari nan na jera maka, kuma babu ɗaya da bai fito daga zuciyata ba.

Jiya na gan ka. Rabona da ganinka gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, tun ranar da muka raka ka filin jirgi, don waya ba ta nuna mini komai sai goshinka da silin ɗakinka. Da ka ce za a nuna taron kiɗan fiyanon nan na birnin Leipzig a silima, ka ce in je ni kaɗai, wai takarda kawai kake juya wa wata tsohuwar makaɗiya, kada in gaya wa mahaifiyarka. Na gaya mata. Gwaggona ce tun kafin in san zan so ɗanta, ta ina zan iya ɓoye mata? Ta kwaso matan ƙungiyar waƙar cocinmu, kowace da kayan Lahadi, jakunkuna cike da wainar shinkafa a ganyen ayaba. Mai duba tikiti ya ce, "Inna, ba a shiga da abinci." Gwaggo ta ce, "Magani ne, gyambon ciki gare ni. Kuma ɗana ne a fim ɗin. Kai wa ka sani a ciki?"

Aka kashe fitilu. Ga fiyano baƙi ƙirin kamar kwalekwalen da aka kifar, ga tsohuwa da farin gashi, ga kai a gefenta cikin baƙaƙen kaya, ka rame, ka nutsu kamar balbela a gonar shinkafa. Wayyo Binsar! Wa ya gaya wa zuciya cewa hoto ne kawai? Duk sanda ka miƙe don juya shafi, sai matan nan su ɓarke da tafi. Wani mutum a gabanmu ya juyo ya ce, "Haba iyayenmu, ba a tafi a tsakiyar kiɗa." Maman Rospita, ɗaya daga cikin matan, ta ce, "Su can ba sa jinmu, ɗan nan. Kai kaɗai ke jinmu, sai ka yi haƙuri." Na yi dariya. Ita ce dariyata ta ƙarshe a ranar.

Ka tuna yammacin da ka koya mini wannan aikin a zauren coci, ruwa yana dukan kwano har ba ma jin juna? Ka ce in zauna a hagunka, in tashi tun kafin layin ƙarshe, in kama kusurwar sama da hannun hagu don kada in tare maka ido, in jira ka gyaɗa kai. Ka ce mai juya takarda na ƙwarai shi ne wanda aka tashi ba wanda ya tuna da shi. Ka sa na cire awarwarona don kada ya yi ƙara. Danshi ya manne shafuka, na juya biyu a haɗe, ka ci gaba da kaɗawa daga ka, kana dariya, kafaɗarka tana gogar tawa. Ban san karatun kiɗa ba a lokacin, har yau ban sani ba. Kai nake karantawa.

Shi ya sa jiya, da mai ɗaukar hoto ya matso da takardar har ta cika bango, na san wane hannu zai shigo. Ya shigo, girmansa ya kai ƙofar gida. Na san kowane yatsa, na san tabon da wuƙar fasa durian, ɗan itacen nan mai ƙaya, ta bar maka. Zoben da na sa maka a falonmu, gaban dattawa da fasto, ba ya nan.

Kada ka wahalar da kanka, masoyina, na riga na yi maka uzuri tun kafin shafin ya kwanta. Ƙa'idar aiki ce, ba a son ƙyalli, kai da kanka ka cire mini awarwaro. Na riƙe wannan uzurin da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwai. Sai dai tsohuwar ta shiga wani wuri mai sanyi, kiɗan yana ɗiga kamar ruwa daga bakin indararo, ni kuwa na zare nawa zoben a cikin duhu, na ɗaga hannu ga hasken allon. Ga shatarsa nan, fara, ta lotsa cikin nama. Zoben da aka cire ɗazu yakan bar sawu. Na jira hannunka ya dawo, ya dawo, ya sake dawowa. Fatar sumul take, launi ɗaya, kamar ƙasar da aka daɗe da tashi daga kanta har ciyawa ta rufe.

Me ya sa aka ƙera allo mai girma haka? Me ya sa ni ban zama kamar Gwaggo ba, wadda ta ga ɗanta kawai, ta yi ta share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Dubi yadda yake tashi a hankali, ni na koya masa ladabi"? Kowa a layinmu ya fito da abin da ya je nema. Ni ce mai ido, ni ce na fito da ƙari.

Ka ɗaga ranar aure saboda jarrabawa, na ce to. Ka ɗaga saboda takardun zama, na ce to, har na yi maka bayani a gaban babana da hujjoji masu kyau, irin waɗanda nake koya wa ɗalibaina. Wannan kuwa ba ni da hujjar da zan rufe shi da ita. Ban ce akwai wata mace ba. Ban sani ba, kuma na ƙi ƙirƙiro mata fuska. Wataƙila sanyin ƙasar ne ya ramar da yatsan. Wataƙila ka gaji ne kawai, yadda kogi ke gajiya da gaɓarsa ba tare da ya yi faɗa da ita ba.

A mota Gwaggo ta dafa gwiwata ta ce masaƙiyar garin Tarutung ta kusa gama mayafin da za a lulluɓe mu da shi ranar biki, ta tambaye ni ko ka faɗi watan bikin. Na ce kiɗan ya yi daɗi.

Abu ɗaya nake roƙo, ya sanyin raina, ya ciwon da ba na son ya warke: ka faɗa mini da bakinka. Idan zoben yana cikin aljihu, ka sa shi, ka ɗaga mini hannun a waya, ba zan tambayi komai ba. Idan kuma ka ajiye shi ke nan, kada ka bar ni in ci gaba da amsa wa mahaifiyarka a madadinka. Zan iya ɗaukar gaskiya, an horar da ni a kanta. Shirun ne yake cina kamar gara.

Ni dai na mayar da nawa tun kafin a kunna fitilu, kuma ba hannuna ne zai sake zare shi ba.

Taka, jiya da yau, da duk abin da amsarka za ta bari na gobe,

Lamria