Baba Ya Nuna Wurin Kabarinsa

Yaya Tanko,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman tsibiri? Mu a Kunci lafiya lau.

Hoton da ka aiko na babban cocin Katolikan birninku na bakin teku ya ɗaure min kai. Ka ce ya girmi kakanmu, kuma limaman da suka gina shi suna kwance ƙarƙashin daɓensa. Ana taka su ke nan?

Da Baba ya ji, ya kafe sai a cikin cocinmu za a binne shi, tunda a gonarsa aka gina. Na yi ta lallashinsa.

Gai da matarka, ku sa mu a addu'a. Jiya har Baba ya nuna wurin da sandarsa, daidai inda nake durƙusawa.

Ƙanwarka,
Ladi