Uwar Ƙungiya Tana Son Mutum Ɗaya

Lahadi, 1 ga Oktoba

Taron wata na ƙungiyarmu a shagon kofin Gesine. Kamar kullum, kowa ya ɗauki bajonsa a kwanon bakin ƙofa kafin ya zauna. Na maƙala nawa biyu: mai ruwan hoda na masu son maza da mata, rawaya na masu soyayya da fiye da mutum ɗaya da sanin kowa. Ni da kaina na kawo al'adar nan Leipzig, wai don kada wani ya sha wahalar bayani.

Wata sabuwa ta ce hirar da na yi a rediyo ce ta ba ta ƙarfin gaya wa mijinta gaskiya. Har da rungumata. Na yi ta murmushi sai da muƙamuƙina ya gaji.

Laraba, 4 ga Oktoba

Yau Laraba, ranar masoyiyata Henrike ce da ɗayan masoyin nata, Malte. Na ce mata na taya ta murna, yadda muka saba faɗa. Ina komawa shagona na gyaran keke na kwance keken da lafiyarsa lau, na sake ɗaure shi.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Bari dai in rubuta, tunda ba mai gani. Henrike nake so. Ita kaɗai. Kuma so nake ta so ni ni kaɗai. Ni Wiebke, da na yi shekara da shekaru ina wa mutane wa'azin cewa zuciya ba ɗaki ɗaya gare ta ba. Kunya kamar in nutse.

Asabar, 14 ga Oktoba

Miyar kabewa a gidan Tilman. Tun muna jami'a muke tare, yanzu soyayyar tamu ta koma ta wa da ƙanwa, mu duka mun sani. Yana yanka burodi ya ce, "Uwar ƙungiya, gangar jiki kika kawo min, sauran kin baro gidan Henrike." Na ce ya ci abincinsa. Ya ce in faɗa mata mana, ai ba cizo take ba.

Shi bai ji abin da ta ce min ranar da muka fara ba. Tsohuwar matarta har wayarta take bincikawa. "Abin da ya sa na saki jiki da ke, na san ba za ki taɓa rufe min ƙofa ba." Haka ta ce, tana riƙe da hannuna. In na buɗe baki, na zama waccan matar, ta tafi. In na yi shiru, kowace Laraba sai na mutu na dawo.

Talata, 24 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Ta bar hularta a ɗakina, ban gaya mata ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na gwada a taro, a fakaice. Na ce a ce wani ya canza, bajon da ya sa a da ya daina yi masa daidai, yaya ke nan? Shi ke nan na tono musu aiki. Nan take suka samo wa abin suna har uku, suka hau gardama kan wanne ya fi dacewa, Gesine kuma ta ce za ta buga sabon bajo, wane launi nake ganin ya kamata? Mutanen kirki ne, wallahi. Ba wanda ya kawo a ransa ni ce. Henrike na gefena tana dariya, tana shafa min gwiwa.

Na ce wa Gesine kore.

Talata, 7 ga Nuwamba

Wata likitar dabbobi ta zo karɓar kekenta, kyakkyawa, irin wadda a da ba na bari ta wuce. Ta ce ta san ni a rediyo, ko za mu sha kofi wani lokaci? Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Na gode, ina da wata."

Na manta Henrike na bayan kantar shagon, tsugune tana ba tayar kekenta iska. Matar na fita Henrike ta ɗago.

"Wata? Ɗaya?"

Na ce tayar ba ta cika ba, ta ƙara. Ta ƙara. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tafi ba, ta zauna kan akwatin kayan aiki har na rufe shago.

Gajiya ce kawai, hannuna duk baƙin mai, ba na jin surutu. Zan iya gyara maganar gobe.

Ban ga alamar zan gyara ba.