Tsohon da ke tsakiyar hawa

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da kowa a Basirka. Ni lafiya lau a Birnin Kudu, ina ta koyon gyaran keke, sai dai har yau ba ni da aboki ko ɗaya.

Samarin nan suna da wani wasa. Ran Lahadi sai su je wani hawa a hanyar Gwaram, su hau da keke, su gangaro, su sake hawa, tun hantsi har a kira azahar. Ba aike ba ne fa, ba kaya suke kaiwa ba. Wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, shi ne ya zama nasu, da shi ake cin kwano ɗaya. Na ari keken maigidana na shiga.

Wallahi ban gaji ba. Amma a tsakiyar hawan akwai wani tsoho, Baba Datti, yana tufka igiya a gindin tsamiya. Na sauka na gaishe shi yadda aka koya mana a gida. Shi ke nan shugabansu Maikuɗi ya ce na fita. Yanzu Ranka-ya-daɗe suke kirana.

Ƙaninka, Badaru.

Yaya Iliyasu,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Na sake faɗuwa a wasan. Na gaida tsohon tun kafin a fara, na ce shi ke nan na huta. Ina zuwa daidai tsamiyar sai ya ɗago yana mini sannu, har da miƙo gyaɗa. Ƙafata da kanta ta sauka. Maikuɗi ya ce in kawo tabarma in zauna tufka. Don Allah ka tambayar mini Baba, in mutum ya gaida babba da safe, dole ne ya sauka duk wucewa? Na gaji da cin tuwo ni kaɗai.

Badaru.

Yaya,

Ina gaida kowa. Na ga amsarka, cewa Baba ya yi dariya ya ce sau ɗaya ya isa. To na yi. Na gaida tsohon da safe, na hau. Yana sannu, ni ina kallon tayar gaba. Can sai na ga ya daina ɗagowa. Na kai azahar cinyoyina na rawa, Maikuɗi ya rungume ni, na ci kwano da su.

Washegari na je, ba kowa a gindin tsamiya. Ashe Baba Datti ya mayar da tabarmarsa bayan dutse, inda ba a ganin hanya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, bai ko dube ni ba, ya ci gaba da tufkarsa. Na daɗe a durƙushe.

Kai da Baba kun ce sau ɗaya ya isa. To ku zo ku faɗa masa.

Ƙaninka, Badaru.