Hular Yaya Peniasi

Zuwa ga yayata Mereoni,

Gaisuwa mai yawa daga Suva, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa sanyin Auckland bai sake taso miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan lafiya lau. Ruwa dai kin san halinsa. Da safe gajimare kan sauko ya kwanta a kan teku har mutum ya rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara, ni kuwa ina bayan tulin gwaza a kasuwa ina mafarki ido biyu.

Labarin Yaya Peniasi zan ba ki. Tun da likita ya ce idonsa ya gaza, aka raba shi da jirgin sama, sai ya zama kamar kifin da igiyar ruwa ta manta a yashi. Wuni yake a baranda, tsohuwar hularsa ta matuƙi a ka, yana kallon gizagizai yana faɗin wanda zai zubar da ruwa da wanda ƙarya yake. Kin tuna sa'ad da yake ratsawa ta kan ƙauyenmu a Kadavu, Mama ta shimfiɗa farin zane a ciyawa don ya san gida lafiya, shi kuma ya karkata fiffike? Har yau nakan yi mafarkin zanen nan, ina ganinsa daga sama, ni da ban taɓa shiga jirgin sama ba.

To, gwamnati ta ɗauke shi aikin sasanta ma'aikata da iyayen gidansu, ya farfaɗo har yana goge takalmi. Akanisi mai kaguwa ta ce wanda ya saba ganin mutane kamar tururuwa ina zai ji kukansu. Na ce mata wanda ya sauke jirgi a filin da aladu ke kiwo, fasinja na ta salati da kuka, ba ihun 'yan ƙungiya ne zai firgita shi ba, ta je ta ɗaure kaguwarta tana gudu.

Sai ga shi rigimar farko da aka ba shi ta ma'aikatan jirgin ruwan tsibirai ce, kuma mai magana da yawunsu ɗana Sakiusa. Yaya bai ɓoye dangantakar ba, mai kamfanin ya ce ya yarda, amma idonsa na kai. Matsalar ita ce Sakiusa vasu ne, ɗan 'yar'uwa, duk abin da ya nuna a gidan kawunsa nasa ne, ba a hana shi. Abokansa suka yi ta zuga shi ya je ya roƙi kawunsa ya yanke hukunci ya ba ma'aikata gaskiya kawai. In Yaya ya ba shi, aiki ya tafi, ya koma baranda. In ya hana, ya karya al'ada a idon dangi. Ni kuma ba ni da bakin yi wa yayana namiji irin wannan magana. Sai na kira Sakiusa zuwa rumfata, na ce masa ɗan kasuwa ba ya barin ciniki ya wuce, amma mai wayo ba ya sayen abin da zai ƙone masa hannu. Na ce ya je ya ɗauka, tunda haƙƙinsa ne, amma ya duba da kyau.

Matar Yaya ce ta ba ni sauran. Sakiusa ya je gidan da saiwar yaqona, abin shanmu na ban girma, aka dama, aka tafa, aka sha. Yaya ya zauna yana jiran abin da zai faɗo masa. Sakiusa ya duba ɗakin kaf, ya miƙa hannu ya sauke hular nan daga ƙusa, ya kifa a kansa, ya ce ya gama, ba shi da sauran buƙata. Ta ce Yaya ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya yi dariya har da hawaye, ya kira shi ɓarawo ɗan ɓarauniya.

A zaman sulhu kuwa, dokar sama ya kafa musu: ba mai ba da amsa sai ya maimaita abin da ɗayan ya faɗa, kamar yadda matuƙi ke mayar wa hasumiya maganarta. Haka mai kamfani ya faɗa da bakinsa cewa masu kula da inji na komawa teku ba su yi barci ba, Sakiusa ma ya faɗa da nasa cewa kuɗin mai ya kusa durƙusar da kamfanin. Magana zarar bunu ce. Aka daidaita a kan hutu, ƙarin albashi sai baɗi. Sakiusa ya yi fushi kwana biyu, ya huce.

Ranar da jirgin ruwan ya tashi na je bakin ruwa. Ga Sakiusa can saman jirgin da hular, ga Yaya a ƙasa da takardunsa a hammata. Wani ƙaramin jirgin sama ya wuce ta kanmu, kowa ya ɗaga kai, ban da Yaya. Teku yake kallo.

Ki gaida maigida Tevita, da Salote da Ilaitia, da Goggo Litiana in kin je coci. In za ki aiko da saƙo, ki haɗo da malafa mai faɗi, domin rana na gasa wa Yaya sanƙo.

Taki ƙanwa,
Unaisi