Kwanciyar da ta tara min mutane

Daren Laraba, Sharaɗa.

Rabi ƴar maƙwabciyata ce ke rubuta min, ni ban yi boko ba.

Tun da ɗana Sani ya samu aiki a kamfanin fata na Challawa ya tare can da iyalinsa, gidan nan daga ni sai bango. Kafin su tashi jikata ta koya min wani motsa jiki, wai yoga, saboda ciwon bayana. Ƙarshensa sai ka miƙe rigingine, ka rufe ido, kar ka motsa.

Yau da hantsi ina kwance haka a tabarma, na ja mayafi har fuska saboda ƙuda, wata maƙwabciya, Hajiya Lami, ta leƙo aron rariya. Sai salati: "Innalillahi! Iya Asabe ta cika!" Kafin in yunƙura mata sun cika ɗakin, har wata na cewa a ɗora ruwa.

Na ce, "Lami, da raina za ku wanke ni?"

Aka yi ta dariya, aka zauna hira har azahar. Rabon ɗakin nan da mutane haka tun rasuwar maigidana.

Kar ki gaya wa kowa, Rabi, gobe ma zan ja mayafin. Ajiye biron haka, na gaji.