Sun Watse Daga Ƙofata Sun Koma Ta Yusha'u

Assalamu alaikum Hajiya Siddiƙa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na riga na ƙudura zuwa wajen hukuma, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a Tudun Wada nan Zariya. Tun kafin in yi ritaya ƙofar gidana ce majalisar layinmu. Da an sallame la'asar sai in shimfiɗa tabarmi, jama'a su taru. Akwai aminina Malam Salmanu, wanda muka taso tare, akwai maƙwabcinmu Baba George, tsohon ma'aikacin jinya, wanda ba ya fashi sai ranar Lahadi. Mu saurari rediyo, mu yi musun siyasa, iyalina ta aiko mana da kunun zaƙi. Ɗaurin aure za a je, daga ƙofata ake tashi. Rigima aka yi, a nan ake sasantawa.

To bara sai wani Yusha'u ya dawo daga Abuja. Yaron nan ni na koya masa baƙi da wasali. Ya gyara shagon gidansu da ke kallon nawa, ya sa sola, ya kafe ƙatuwar talabijin, ya jera bencina, ya kawo mai shayi. Da farko samari ne ke zuwa kallon ƙwallo, ban damu ba. Sannu a hankali sai na ga tabarmata tana raguwa.

Yanzu Hajiya, in kin zo layinmu da yamma sai kin yi da gaske za ki wuce. Babura sun cika hanya, ga bawon rake ko'ina, ga ihu in an ci ƙwallo, wani lokaci har ana kiran magariba. Mata sai sun raɓa ta bakin kwata. Rannan mai Keke Napep ya ɗauko wata tsohuwa daga asibiti, sai a bakin layi aka sauke ta, ta tako da ƙyar. Wannan ba zaman kashe wando ba ne?

Amma wallahi wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Salmanu. Mutumin da bai san sunan ɗan ƙwallo ko ɗaya ba, yanzu ina zaune ni kaɗai ina hango shi yana ƙyalƙyala dariya, har yana tafawa da Yusha'u. Baba George kuwa a tsaye yake gaishe ni, in na ce ya zauna sai ya ce yana zuwa, kuma ina kallon inda yake zuwan. Makon jiya aka ɗaura auren 'yar wani ɗan layinmu a Kwangila, daga shagon Yusha'u motar ta tashi. Ban ji labari ba sai da suka dawo. Da na yi wa Salmanu magana sai ya ce wai ya ɗauka an gaya mini.

Gaskiya Yusha'u ya taɓa zuwa ya durƙusa ya ce in riƙa leƙowa, na ce masa gwiwata na ciwo. Ni in tashi daga ƙofata in je in zauna a bencin ɗalibina?

Niyyata in je ofishin 'yan sanda, ko ƙaramar hukuma, in ce wurin ya zama matattarar 'yan zaman banza, ina kuma zargin ana shaye-shaye. Ban gani da idona ba, amma inda samari suka taru haka ai ba a rasawa. Da na gaya wa iyalina sai ta ce hassada ce kawai ke cina. Ranar ko tuwo ban ci ba. Hajiya, ni da nake son a gyara unguwa ne mai hassada?

Daga wani dattijo a Tudun Wada.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara girma.

Ƙorafinka biyu ne, kuma ka haɗa su wuri guda. Na farko gaskiya ne. Tare hanya har mara lafiya ta kasa isa ƙofar gidanta, da ihu a lokacin salla, abubuwa ne da duk mai kishin unguwa ke da haƙƙin magana a kansu. Na biyu kuma ciwon da kake ji na rabuwa da abokanka. Shi ma gaskiya ne, ba kuma abin kunya ba ne, sai dai babu ofishin da zai yi maka maganinsa.

Batun shaye-shaye ka janye shi gaba ɗaya. Da bakinka ka ce ba ka gani ba, don haka ƙazafi ne, kuma kai ka fi ni sanin nauyinsa. Ka tuna in aka zo kame bisa irin wannan rahoto, ba lallai a tsaya tantance wa ke shan shayi, wa ke shan wani abu ba. Za ka iya kallon Malam Salmanu a bayan motar 'yan sanda? Kuma a unguwa irin wannan magana ba ta ɓuya, za a san wanda ya kai ta.

Ka fara da Yusha'u. Wanda ya durƙusa a gabanka zai saurare ka. Ka ce masa a samar wa babura wurin ajiya a gefe, a rage sauti in an kira salla, a riƙa share wurin. In bai gyara ba, ka tafi wajen mai unguwa tare da wani maƙwabci, ku faɗi iyakar abin da kuka gani. Sai in hakan ya faskara ne za a wuce gaba, kuma mai unguwa ne zai yi muku jagora.

Su ma abokanka ba su kyauta ba. Tafiya ɗaurin aure ba tare da kai ba sakaci ne, ka zaunar da Malam Salmanu ka gaya masa ya yi maka zafi, ba da baƙar magana ba. Ni a ganina nishaɗi suka bi, ba kai suka guda ba. Wataƙila su ma suna can suna cewa kai ne ka ƙaurace musu.

Uwargida kuwa ka yi mata uzuri. Kalmar ta yi tsauri, amma don ta damu da kai ne ta faɗa. Ka amsa gayyatar ɗalibinka ko da na yammaci ɗaya ne. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar zumunci tsakaninku, ya zaunar da Tudun Wada lafiya.